Gubar ƙarafa a kifin kiwo: Yadda take shiga, illarta ga jiki, da damar da ta rage wa kudancin Katsina

Kiwon kifi, musamman tarwaɗa, na daga cikin sana'o'in da matasan Arewa suka karkata gare su a 'yan shekarun nan. Ba ya buƙatar fili mai yawa, kuma cikin wata huɗu zuwa shida kifin kan isa sayarwa. Ga matashin da ke Tsiga a Ƙaramar Hukumar Bakori, ko wani gari na yankin Funtuwa da Malumfashi, akwai ƙarin sauƙi, domin masara da waken suya da ake haɗa abincin kifi da su a gonakin yankin ake noma su. Kasuwa ma tana nan. Alƙaluman gwamnatin tarayya sun nuna Najeriya na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da take samarwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na hakan ba.

Sai dai akwai tambayar da ba kasafai mai kiwo ko mai saye ke yi ba: me ke cikin ruwan da kifin ya rayu a ciki, kuma me ke cikin abincin da ya ci? Amsar tana da muhimmanci, saboda akwai wasu ƙarafa masu guba da kifi ke tarawa a jikinsa ya miƙa wa wanda ya ci shi, ba tare da ido ya gani ko harshe ya ji ba.

Waɗanne ƙarafa ne?

Masana na kiran su ƙarafa masu nauyi. Wasu daga cikinsu, irin su tutiya da jan ƙarfe, jiki na buƙatar ɗan kaɗan, sai sun yi yawa suke cutarwa. Biyar ne suka fi damun likitoci a sha'anin abinci: dalma, zaiba wadda ake kira makuri, kadmiyam, asanik da kuromiyam. Huɗun farko suna cikin jerin sinadarai goma da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce sun fi barazana ga lafiyar al'umma.

Ƙwayar cuta wuta na kashe ta, magungunan ƙwari da dama kuma kan lalace da daɗewa. Ƙarfe ba ya ruɓewa, sai dai ya tashi daga wani wuri ya koma wani: daga juji zuwa rafi, daga rafi zuwa laka, daga laka zuwa kifi. Wanki, tafasawa, suya ko banda ba sa iya raba shi da tsokar da ya riga ya shiga. Kifin da ke ɗauke da shi zai iya zama mai ƙiba, yana wutsil-wutsil a cikin baho kamar kowane lafiyayyen kifi.

Hanyoyin da suke bi su shiga tafki

Hanya ta farko ita ce ruwa. Rafin da ya ratsa gari kan kwaso dattin magudanu, bola, garejin kanikawa da wuraren da ake fasa tsoffin batiran mota da na sola don cire dalmar da ke ciki. Ruwan burtsatse ya fi aminci a mafi yawan lokuta, amma shi ma sai an gwada shi, domin wasu duwatsun ƙarƙashin ƙasa na sakin asanik da kansu. Haka ya faru a Bangaladesh, inda rijiyoyin da aka haƙa tun daga shekarun 1970 don tserar da mutane daga kwalara suka shayar da miliyoyin jama'a asanik.

Ta biyu ita ce laka. Ƙarafa kan kwanta a ƙasan ruwa su manne da taɓo, su yi ta taruwa shekara bayan shekara. Kududdufin bakin gari ko ramin da masu aikin titi suka bari na da arahar mayarwa tafkin kifi, amma galibi nan ne matattarar duk abin da ruwan sama ya wanko, har da dalmar da ta zauna a ƙasar bakin hanya tun zamanin fetur mai dalma, wanda Najeriya ta daina amfani da shi a farkon shekarun 2000.

Ta uku ita ce gona. Dutsen da ake haɗa takin zamani mai fosfet da shi na ɗauke da kadmiyam tun asali, yawansa kuma ya danganta da ƙasar da aka haƙo shi. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta ƙayyade iyakar kadmiyam a irin wannan taki a dokar da ta yi a 2019. A yankin da ake zuba taki kowace damina, ruwan da ya gangaro daga gonaki zuwa tafki ko dam na iya ɗauko wani kaso.

Ta huɗu ita ce abincin kifi, wanda kan cinye kusan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo. Tsadar da ta biyo bayan cire tallafin fetur da faɗuwar darajar naira a 2023 ta tura masu kiwo da dama neman madadi: kashin kaji, kayan cikin kaji, tsutsa, da garin kifi ko na nama da ba a san tushensa ba. Waɗannan ba guba ba ne a karan kansu, matsalar ita ce babu wanda ya san abin da ke cikinsu. A unguwar Hazaribagh ta birnin Dhaka an shafe shekaru ana dafa tarkacen fatar da aka jeme da kuromiyam ana sayar wa masu haɗa abincin kaji da kifi, har sai da kotu ta hana.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan kamu. Bandar da aka yi da katako mai fenti, taya ko roba, da shanya a bakin titi, duk suna ƙara wa kifi datti da ƙarafa.

Yadda suke taruwa a jikin kifi

Kifi na ɗaukar ƙarafa ta gurbin numfashinsa da ke gefen kai, da kuma ta abin da ya haɗiya. Yana ɗauka da sauri fiye da yadda yake fitarwa, don haka abin da ke jikinsa kan ninka wanda ke cikin ruwan sau da yawa. Dalma da kadmiyam sun fi taruwa a hanta, ƙoda, gurbin numfashi da ƙashi. Zaiba kuwa, bayan ƙwayoyin halittar da ke cikin laka sun mayar da ita wani nau'i mafi guba, tsoka take kamawa, wato ainihin wurin da ake ci.

Girman kifi da shekarunsa na da tasiri. Babban kifi mai cin 'yan'uwansa, kamar giwan ruwa, na gadar abin da duk ƙananan da ya ci suka tara. Tarwaɗar kiwo da aka kama tana wata biyar ba ta sami wannan lokacin ba, shi ya sa idan ruwa da abinci suna da tsabta take cikin kifayen da suka fi ƙarancin zaiba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa tarwaɗa da karfasa cikin kifayen da ta fi ba masu juna biyu shawarar ci. Raunin tarwaɗa shi ne zamanta a ƙasan ruwa tana tonon laka, da kuma juriyarta, domin tana rayuwa har ta yi ƙiba a ruwan da zai kashe wasu kifaye. Mai kiwo na iya ganin kifinsa na girma ya ɗauka ruwansa lafiya lau ne.

Banda ma na da nata lissafi. Kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin ɗanyen kifi ruwa ne. Idan ruwan ya fita, ƙarfen na nan, saboda haka kilo ɗaya na busasshen kifi na ɗauke da ninkin abin da ke cikin kilo ɗaya na ɗanye.

Illarsu ga jikin ɗan Adam

Dalma ta fi yi wa yara ɓarna. WHO ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka tabbatar ba ya cutarwa, kuma ƙaramin yaro na tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke tsotsewa idan sun ci abu ɗaya. Tana dakushe ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, ta haddasa ƙarancin jini, idan ta yi yawa kuma sai farfaɗiya da mutuwa. Ga manya tana jawo hawan jini da ciwon ƙoda. Tana ɓuya a ƙashi shekaru masu yawa, sannan ta fito cikin jini lokacin goyon ciki ta isa ga jariri. Rahoton UNICEF da ƙungiyar Pure Earth na 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, wato har yara miliyan 800, na da dalma a jini a matakin da ke buƙatar ɗaukar mataki.

Zaiba jijiyoyi da ƙwaƙwalwa take kamawa, kuma tana ratsa mahaifa. Duniya ta san haka ne daga garin Minamata na Japan, inda kamfanin Chisso ya yi ta zubar da ruwan masana'anta a teku daga 1932 zuwa 1968. An gano cutar a hukumance a 1956 a tsakanin iyalan masunta, bayan an ga kyanwoyin garin na tangaɗi suna mutuwa. Mata da ba su nuna wata alama ba sun haifi 'ya'ya masu naƙasa, kuma mutanen da gwamnati ta tabbatar sun kamu sun haura 2,000.

Kadmiyam ƙoda yake zama, kuma jiki kan ɗauki shekara 10 zuwa 30 kafin ya fitar da rabinsa. Yana raunana ƙashi, kamar yadda aka gani a gundumar Toyama ta Japan, inda manoman da suka ci shinkafar da aka shayar da ruwan Kogin Jinzu suka yi fama da karyewar ƙashi. Cibiyar binciken kansa ta WHO ta sa kadmiyam, asanik da wani nau'i na kuromiyam cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa.

Abin da ya haɗa su shi ne jinkiri. Ba a cin kifin yau a kwanta gobe. Alamomin kan zo bayan shekaru, kuma suna kama da na wasu cututtuka, don haka da wuya a danganta ciwon ƙodar magidanci ko koma-bayan yaro a makaranta da abin da ke cikin tukunya.

Ma'aunin da ake amfani da shi

Hukumar Codex, wadda WHO da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa, ta ƙayyade dalma a kifi kada ta wuce miligiram 0.3 a kowane kilo. Tarayyar Turai ta sa miligiram 0.05 ga kadmiyam a tsokar yawancin kifaye, da 0.5 ga zaiba. A ruwan sha, ma'aunin WHO shi ne maikirogiram 10 na dalma, 10 na asanik, da 3 na kadmiyam a kowace lita.

Misali ɗaya zai fito da ma'anar waɗannan lambobi. Kwamitin masana na hukumomin biyu ya ce abin da jiki zai iya jurewa na zaibar kifi a mako shi ne maikirogiram 1.6 ga kowane kilo na nauyin mutum. Mace mai kilo 60 na da iyakar maikirogiram 96 ke nan. Idan kifin na kan iyakar 0.5, giram 192 kacal, ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na kilo, ya cika mata ma'aunin mako. Yaro mai kilo 15 kuwa giram 48 ya isa. Amma idan kifin na da kashi ɗaya cikin goma na wannan adadi, matar za ta ci kusan kilo biyu kafin ta kai iyaka. Ido ba zai bambanta kifayen biyu ba, sai ɗakin gwaje-gwaje.

Abin da ya faru a Kano da Zamfara

Misali mafi kusa na gurɓatar ruwan da ake kamun kifi a ciki yana Kano. Kogin Jakara na ratsa birni ya kwashi dattinsa, rafin Getsi ya kawo masa ruwan masana'antun Bompai, su zuba a dam ɗin Wasai da ke Ƙaramar Hukumar Minjibir, inda ake su da noman rani. A kudancin birnin kuma, ruwan kamfanonin jimar fata na Sharaɗa da Chalawa na gangarawa Kogin Chalawa. Shekaru da dama masu bincike, ciki har da na Jami'ar Bayero, suna ba da rahoton samun kuromiyam, dalma da kadmiyam a ruwa, laka, kayan lambu da kifin waɗannan wurare, a wasu lokuta fiye da ma'auni. Duk da haka ana ci gaba da kamun kifi da ban-ruwa a wurin.

Zamfara kuwa ta nuna ƙarshen rashin sa ido. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Dalili shi ne niƙa dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Ta ƙura da ƙasa gubar ta shiga, ba ta kifi ba, amma dalmar ɗaya ce, illar ma ɗaya ce. Garin Bagega ya jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin tsabtace shi, bayan matsin lambar ƙungiyoyi, ciki har da matasan da suka kafa Follow The Money. A 2015 abin ya maimaita kansa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. Maganin da likitoci suka ba yaran na fitar da dalma daga jini, amma ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu.

Matsayin kudancin Katsina

Yankin Funtuwa da Malumfashi na da wata sa'a ta yanayin ƙasa. Kogin Sakkwato daga kusa da Funtuwa yake tasowa, ya bi ta Gusau zuwa dam ɗin Bakolori. Ma'ana ruwa daga nan yake gangarawa Zamfara, don haka wannan kogi ba ya kawo wa yankin gubar wuraren haƙar zinare na can. Haka kuma babu tarin masana'antu irin na Bompai ko Sharaɗa. Haɗarin da ke gaban mai kiwo a Tsiga, Bakori, Ɗanja ko Ƙafur na cikin gida ne: ruwan gonaki, kududdufi, juji, tsoffin batira, da abincin kifin da ba a san tushensa ba. Duk waɗannan abubuwa ne da za a iya shawo kansu tun sana'ar ba ta yi nisa ba. Matsayin ya kuma ɗora wa yankin nauyi, domin abin da aka zuba a mafarin kogi mutanen ƙasa ne za su sha. Madatsun ruwa irin su Mairuwa, Gwaigwaye da na Malumfashi, waɗanda garuruwa ke dogaro da su, sun cancanci gwaji a kai a kai na ruwa da laka da kifi.

Guje wa kifi ba mafita ba ce. Katsina na cikin jihohin da tamowa ta fi addabar yara, kuma yaron da ba ya samun isassun sinadaran ƙarin jini da na gina ƙashi ya fi tsotse dalma. Kifi mai tsabta na cikin abincin da ke ba shi kariya.

Wa ke da alhakin sa ido?

Aikin ya rarrabu a hannu da yawa. NAFDAC, da aka kafa a 1993, na kula da abincin da aka sarrafa aka ƙunshe, har da abincin dabbobi. NESREA, da aka kafa a 2007, na kula da gurɓatar muhalli da ruwan masana'antu. Sashen kula da kifi na tarayya ya koma ƙarƙashin ma'aikatar harkokin teku da aka ƙirƙira a 2023. Kasuwanni kuma na hannun duba-garin ƙananan hukumomi. Kifin da ƙaramin mai kiwo ya kama da safe ya sayar da rana kan ratsa tsakanin waɗannan hukumomi ba tare da ya bi ta ɗakin gwaji ba.

Raunin tsarin ya taɓa fitowa fili. A watan Maris na 2018 Amurka ta dakatar da shigo da tarwaɗa daga Najeriya, saboda hukumomin ƙasar sun kasa gabatar da cikakkun takardun da ke nuna suna da tsarin duba kifi daidai da nata. A shekarar ce kuma Najeriya ta tabbatar da shigarta Yarjejeniyar Minamata kan zaiba, wadda ta fara aiki a 2017.

Kayan gwajin ba su da nisa. A Zariya akwai cibiyar binciken sinadarai ta ƙasa, NARICT, da cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma na koyar da ilimin kiwon kifi, sannan akwai cibiyar binciken kifi ta ƙasa a New Bussa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya tambayi yaushe aka gwada ruwan dam na ƙarshe da abin da aka samu, kuma ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa. A 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta hau kan jihohi.

Abin da mai kiwo da mai saye za su iya yi

Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane. Babban mataki ga mai kiwo shi ne zaɓen wuri: nesa da juji, gareji, magudanar gari da bakin babban titi, tare da yin shinge na ƙasa da zai hana ruwan gona shiga. Tankin siminti ko na tamfol da ake cikawa da ruwan da aka gwada ya fi kududdufi aminci. A tafkin ƙasa, kwashe laka bayan kowane kamu da zuba farar ƙasa na rage ƙarfen da ke narkewa a ruwa, amma kada a zuba lakar a lambu. Ya sayi abinci mai rajista, ko ya haɗa da kayan da ya san inda suka fito. Kuɗin gwaji na iya yi wa mutum ɗaya nauyi, amma ƙungiyar masu kiwo za ta iya haɗa hannu ta aika samfurin ruwa da kifi sau ɗaya ko biyu a shekara, sakamakon kuma ya zame mata shaidar da za ta nuna wa masu saye.

Mai saye kuma ya tambayi inda kifin ya fito. A cire kayan ciki da gurbin numfashi gaba ɗaya kafin girki, musamman idan yara da masu juna biyu za su ci. Wannan na rage dalma da kadmiyam, ko da yake ba ya rage zaiba. A fifita matsakaicin kifi a kan tsohon babban kifin ruwan da ake zargi, a kuma riƙa sauya tushen saye. Wanda ke zaune kusa da wurin fasa batir ko wankin zinare, ya ga yaro na yawan ciwon ciki, kasala ko koma-baya a girma, ya nemi a gwada jininsa.

A Minamata da Bagega sai da aka binne mutane kafin aka auna ruwa da ƙasa. Kudancin Katsina na da damar aunawa tun kifin na cikin tafki, kuma tafiyar da ke tsakanin Funtuwa da ɗakunan gwajin Zariya ba ta kai awa biyu ba.